Ɗamarar Hambali

Ni, Kofur Ado na Kukar Maje, wanda ya shiga dajin Boma ya fito, wanda ya sha ruwan kogin Kaladan cikinsa bai ko murɗa ba, wai ni ne hawayen yarinya suka hana cin tuwo ranar Asabar.

Hamdatu ce, jikata, amaryata ta wasa. Shekararta ashirin da uku, tana karatun nas a nan Bronx, tsayinta da wushiryarta duk na kakarta A'i ne, Allah ya jiƙanta. Ta shigo ɗakina a hawa na bakwai na gidanmu na Parkchester ko sallama babu, ta durƙusa, ta kifa kanta a kan ƙafar nan tawa mai tabo.

"Tashi, amarya," na ce. "In kishi ne, ban yi sabuwa ba. Tsofaffin matan nan na kan benci gaisuwa kawai muke yi."

Ba ta yi dariya ba. Kafaɗunta sai rawa suke.

"Kaka, Abba ya ce in cire Uwaisu daga raina. Ya ce ba zai yi mini dole ba, amma muddin yana numfashi jikan ɗan gudu ba zai auri 'yarsa ba. Kuma gobe bayan kiran suna mahaifin Nafi'u zai yi maganar ɗansa. Kaka, me Uwaisu ya yi? Ko haihuwar ubansa ba a yi ba lokacin!"

Na ce, "Nafi'un ai ba laifi. Ga kantin magani, ga mota."

"Motar zan aura?" Ta ɗago, idanunta jajur. "Mutumin da in ya zo zance sai ya duba agogo sau biyar? Uwaisu daga Park Hill yake tasowa. Ya hau bas, ya hau jirgin ruwa, ya shiga jirgin ƙasa, awa biyu, don kawai ya zauna ya ji labarin da ka ba shi sau ɗari. Kai da bakinka ka ce duk New York babu yaro mai kunne irinsa."

Gaskiya ne, na faɗa.

To, ga wanda bai san Kukar Maje ba, bari in gaya masa abin da ake nufi da kiran suna.

Garinmu ƙarami ne, in ka yi tari a ƙofar gabas za a yi maka sannu a ƙofar yamma. Amma a shekarar da Bature ya zo neman soja, maza goma sha ɗaya muka tashi. Garuruwan da suka fi mu kasuwa uku uku suka bayar, wasu ma sai da aka bi su cikin dawa. Mu da ƙafarmu muka je. Kafin mu tashi, kowane ɗayanmu uwarsa ko budurwarsa ta saƙa masa ɗamara, kowace da irin zarenta, muka tsaya a gindin kuka muka yi alkawari: wanda ya faɗi a can, 'yan uwa za su kwance ɗamararsa su kawo gida, don uwarsa ta sami abin riƙewa.

Kada ka ji ana cewa maza. Na ga Ɗanladi Maƙeri ya ɗauki bakin igwar da alfadari ya kasa, ya hau dutse da ita yana waƙa. Na ga Buba Gajere, wanda yara ke yi wa dariya a gida, ya koma cikin wuta har sau biyu yana jawo mutanen da ko yarensu ba ya ji. Na ga Malam Isiyaku yana sallah ruwa har ƙirji, matsattsaku sun manne masa a wuya, bai sallame ba sai da ya ida. Waɗannan su ne mutanen Kukar Maje.

Mu shida muka dawo. Ɗamara huɗu muka kawo. Shida da huɗu goma.

Tun daga shekarar, kowace Lahadin da ta biyo Babbar Sallah, ana taruwa a kira sunayen nan goma sha ɗaya. In an kira wanda ya dawo, jama'a su amsa, "Ya dawo!" In an kira wanda ya kwanta a can, su amsa, "An kawo ɗamararsa!" In an zo kan na goma sha ɗaya, Hambali ɗan Mai-Rini, babu mai amsawa. A yi shiru, a tashi. Shi bai dawo ba, ba a kuma kawo ɗamararsa ba, don haka gari ya yanke cewa gudu ya yi ranar da wuta ta yi zafi. Har waƙa yara suka yi masa. Ɗan dako ne, aka ce, ko bindiga ba a ba shi ba sai adda da akwati a ka, me za a jira daga gare shi?

Da ɗana na fari ya ɗauko ni zuwa Amurka bayan rasuwar A'i, na tarar gida biyar na 'yan garinmu sun kawo al'adar nan har nan. Ba na kiran sunan yaron, kunyar ɗan fari. Injiniya ake ce masa, gyaran jiragen ƙasa yake yi. Cikin mu shida ni kaɗai na rage a duniya, don haka ni ke kiran sunayen, da lambobina uku a ƙirji. Kuma kowace shekara sai na ba su labarin yadda harsashi ya fasa mini cinya a gaɓar Kaladan, na ja ciki kwana uku ni kaɗai a cikin gora, har na iso inda likitoci suke.

Uwaisu kuwa ɗan Zangon Kumasi ne, tasi yake ja. A masallaci ya ji ni ina labarin Boma shekara biyu da suka wuce, ya matso ya ce, "Baba Kofur, kakana ma ya je. Hannunsa ɗaya ya bari a can." Ya rako ni gida, Hamdatu ta kawo ruwa, sauran kuwa ba sai na faɗa ba. Hausarsa irin ta 'yan Zango ce, mace ma "ya" yake ce mata, na yi ta tsokanarsa da cewa wanda bai iya kiran mace ba ba zai ƙwace mini amarya ba. Yaro mai ladabi, ga tsoron Allah, ga wanki da guga. Injiniya da kansa ya ce ya turo manyansa, amma ya fara rubutawa gida a faɗo asalinsu, don tsohon nasu bai taɓa gaya wa kowa garin da ya fito ba.

Amsa ta zo makon jiya. Ina zaune a falo yaron ya shigo da takarda a hannu, bakinsa har kunne.

"Baba Injiniya! Ashe gida na zo! Kakana ɗan Kukar Maje ne. Hambali ɗan Mai-Rini sunansa!"

Matar Injiniya ta saki faranti. Injiniya ya miƙe a hankali, ya buɗe ƙofa, ya tsaya a gefenta.

"Malam, mun gode da ziyara."

Yaron ya dube ni. Ni kuwa na dubi talabijin.

Wannan shi ne abin da ya kawo Hamdatu gwiwata.

"Kaka, kai kana wurin," ta ce, ta riƙe hannuna da hannu biyu. "Kai kaɗai ka rage. Ka gan shi da idonka yana gudu?"

"Tun ranar da wuta ta tashi, amarya, ban…"

"Ka ga ya gudu, ko ba ka gani ba?"

Na yi tari. Na ce ta miƙo mini ruwa. Ni da na tsaya gaban Kanar Bature ya daka mini tsawa ban ƙifta ba, na kasa duban yarinyar da na yi wa huɗuba da bakina.

Injiniya ya leƙo. Ashe yana jin mu.

"Hamdatu, ƙyale Baba ya huta. Kina so ki sa shi ya tuna abin baƙin ciki? Mutumin da ya bar shi cikin jini ya tsere, shi ne za ki kawo mana jininsa gida?"

"Abba, don Allah…"

"Kin san abin da za a ce a Kukar Maje? Jikar Kofur Ado! A gidan nan muke kiran suna. In kin haifi ɗa, a wane gefe zai zauna ranar? Gefen masu amsawa ko gefen shiru? Kakan Nafi'u Buba Gajere ne, ɗamararsa tana nan a gidansu cikin akwati har yau. Ni ba kuɗinsa nake dubawa ba."

"To ni ba zan auri kowa ba," ta ce, murya ƙasa ƙasa. "Zan yi maka biyayya, Abba, ba zan gudu ba, ba zan ba ka kunya ba. Amma in dai ba Uwaisu ba, zan zauna a gidan nan in tsufa ina auna wa Kaka jini."

Ta tashi ta fita. Maganar ta doke ni a ƙirji, don na taɓa jin irinta, da wannan muryar, daga bakin wata, shekara arba'in da tara da suka wuce.

Bayan la'asar na ɗauki sandata na sauka zuwa bencin da ke gaban famfon nan mai fesa ruwa a tsakiyar unguwa. Ban daɗe da zama ba na ga tasi ta tsaya. Uwaisu ya fito, ya rame kamar wanda ya tashi daga zazzaɓi. Ya durƙusa har ƙasa, mutane na wucewa suna kallo.

"Baba Kofur, ban zo roƙo ba. Saƙo ne. Tare da takardar aka aiko, an rubuta sunanka a jiki, ranar ban sami damar bayarwa ba. Ban saurara ba, wallahi."

Kaset ne, an naɗe shi da leda.

"Baba, da gaske ne? Mutumin nan da hannu ɗaya ya yi dako a kasuwar Kumasi shekara talatin. Shi ya koya mini alwala. Duk Zango in an yi faɗa shi ake kira. In ka ce mini ya gudu, zan yarda, don kai ba ka ƙarya. Zan bar wa Hamdatu hanya, in koma Ghana ma in ta kama."

Na ce, "Tashi, kana tara mini jama'a."

"Gobe ba zan shigo ba. Amma zan tsaya a ƙasa. Ina so in ji yadda ake kiran sunansa, ko ta taga ne."

Na hau sama, na rufe ƙofa, na sa kaset ɗin a rediyona. Aka yi ta shuu, ana jin zakara da hayaniyar yara. Sai murya ta fito. Ta tsufa, ta dushe, amma ko cikin kabari na ji ta zan gane.

"Ado. Ado ɗan Gwamma. Salamu alaikum. Yaya ƙafar? Ɗamarar ta tsayar da jinin kuwa?"

Na kashe. Na zauna. Sannan na sake kunnawa.

"Yaron nan ya rubuto ya ce yana neman jikarka, ya ce A'i ta rasu. Allah ya jiƙanta. Ado, bayan na ajiye ka wurin likitoci na koma neman akwatin da na yar, kada a ce ɗan Kukar Maje ya zubar da kayan Bature. A can igwa ta same ni. Sojan Gwalkwas, Ghana ta yau, ne suka tsince ni, da su na yi jinya, jirginsu ya sauke ni Takoradi. Bayan shekara na tara guzuri na taho gida. Na iso har kasuwar Laraba, saura tafiyar awa ɗaya. A nan na ji yara suna waƙata. Na tambayi mai goro, ya ce ai budurwar ɗan gudun ma jarumin garin ta aura, ga ta da tsohon ciki. Sai na sayi goro na juya. In na shiga, ko dai in zama maƙaryaci ko kai ka zama, ita kuma da wane ido za ta dubi abin da ke cikinta? Ban gaya wa kowa ba, yaron ma bai sani ba. Ban aiko don in tona ka ba. Da na san abin zai taɓa shi da na ce masa ni Bazazzagi ne, amma na tsufa, na gaji da rashin gari. In ka ga da hali, ka duba masa. In babu, na yafe, tun a kasuwar Laraba na yafe. A gaida mutan gida."

Kaset ya ci gaba da juyawa, babu komai sai zakara.

To, ga abin da ya faru a gaɓar Kaladan, yau zan rubuta shi da baƙin da aka koya mini a bariki.

Ban ja ciki ba. Ko taku ɗaya ban ja ba. Da harsashi ya same ni ihu na yi ina kiran uwata. Kowa ya watse cikin gora. Hambali ne ya yar da akwatin da ke kansa, ya kwance ɗamararsa ya ɗaure mini cinya, ya saɓa ni a baya. Kwana uku. Yana sara hanya da adda da hannu ɗaya, ɗayan yana tallafe da ni. In na suma ya tauna ɗanyen gora ya ɗiga mini ruwan a baki. In na ce ya ajiye ni ya ce, "Rufe mana baki, ka fi buhun gero surutu." Da muka iso ya shimfiɗe ni, ya ce yana zuwa.

A asibiti wani ya tambaye ni yadda na iso, bakina ya riga ni. Kafin jirginmu ya iso Ikko labarin ya yi ƙafa, har Samanja yana nuna ni. Duk da haka na yi niyyar miƙa ɗamarar a gindin kuka, don na ɗauka ya mutu. Amma ranar da muka sauka na ji A'i, wadda ta saƙa ta, tana gaya wa ƙawarta a bakin rijiya: "In an kawo ɗamararsa, ni na gama aure. Zan zauna da ita har in tsufa."

Ni kuwa tun muna yara nake son A'i, ban taɓa faɗa ba.

Da dattawa suka ce, "Ina Hambali?" sai na ce, "Tun ranar da wuta ta tashi ban san inda ya yi ba." Gari ya ƙarasa sauran. Uwarsa ta mutu ba ta riƙe komai ba.

Na jawo akwatin ƙarfena daga ƙarƙashin gado. Tana can ƙasa, cikin tsohuwar rigar kaki. Shekara arba'in da uku ina tare da A'i, kullum tana share gefen akwatin nan, ba ta taɓa buɗewa ba.

Lahadi da hantsi falo ya cika. Mutanen Soundview sun zo, na New Jersey sun zo, an jera takalma har bakin lif. Mata suna kicin da masa da miyar taushe, yara suna guje-guje suna amsa iyayensu da Turanci. Nafi'u ya sha shadda yana zaune kusa da mahaifinsa, ya duba agogo sau biyu ina kallo. Hamdatu tana tsaye a bakin ƙofar kicin da tire, ba kwalliya, idanu a kumbure.

Na leƙa taga. Tasi tana ƙasa, yaron ya jingina da ita, ya ɗaga kai.

Na ce, "A buɗe tagar nan, zafi nake ji."

Na miƙe da lambobina. Duk wanda ya san ni ya san ba na bukatar lasifika, muryata ta fareti ce.

"Ɗanladi Maƙeri!"

"Ya dawo!"

"Buba Gajere!"

"An kawo ɗamararsa!" Mahaifin Nafi'u ya fi kowa ɗaga murya, kuma ya cancanta.

"Malam Isiyaku!"

"An kawo ɗamararsa!"

Haka har na zo kan nawa, suka amsa "Ya dawo!" da tafi, kamar kullum. Wani ya ce, "Baba, a ba mu na Kaladan!"

Na ce, "Za ku ji shi. Saura ɗaya."

Na ja numfashi.

"Hambali ɗan Mai-Rini!"

Shiru. Kowa ya sunkuyar da kai, wasu har sun fara gyara zama don a kawo abinci. Na sa hannu cikin babbar rigata, na zaro ta, na warware, na ɗaga sama. Fari da baƙin saƙi, jan zare biyu a baki, tsakiyarta ta ƙafe da jinin da ya koma kalar ƙasa.

"An kawo ɗamararsa," na ce. "Shekara arba'in da tara ke nan da aka kawo ta. Ɓarawo ne ya ɓoye."

Na faɗa musu duka, a tsaye, ban rage ko ɗaya ba: ihun da na yi, bayan da ya goye ni, bakin rijiya, kasuwar Laraba. Na ce jinin nan nawa ne. Na ce cikin mu goma sha ɗaya, kuma duk maza ne, babu wanda ya kama ƙafar ɗan dakon nan.

Injiniya ya taso, fuskarsa ta yi fari.

"Baba, ka zauna. Ba ka da lafiya. Yarinyar nan ce ta sa ka, don ka taimake ta kake…"

"Mu'azu."

Tunda aka haife shi ban taɓa kiran sunan nan ba. Shi kansa sai da ya waiga, kamar wani ake kira.

"Zo ka duba saƙar nan. Ka gaya wa jama'a hannun wa ka gani."

Ya karɓa. Ya bi bakin da yatsa, ya tsaya a kan jan zaren nan biyu da ƙullin da ake yi a karkace. Majanyin da aka goye shi da shi, wanda aka goye Hamdatu da shi, yana nan a ɗakin matarsa, kuma mace ɗaya ce a Kukar Maje take ƙulla baki haka.

"Inna," ya ce. Ya zauna a hannun kujera. "Saƙar Inna ce."

Tire ya faɗi. Hamdatu ta taho, na ɗauka rungume ni za ta yi, sai ta tsaya nesa da ni taku biyu, hawaye na zuba.

"Kaka, jiya na tambaye ka. Ka ce in ba ka ruwa."

"Na ce, amarya."

"Da ban yi kuka ba, da shi ke nan? Da ka tafi da shi kabari?"

"Da na tafi da shi," na ce. Ban ga amfanin ƙara wata ƙaryar ba.

Ta rufe fuska da mayafi. Na ciro lambobin nan uku ɗaya bayan ɗaya, allurar ɗaya har ta soke ni, na ajiye su a kan ɗamarar.

Mahaifin Nafi'u ne ya fara magana. Dattijo ne, jinin Buba Gajere ba ya ɓuya. Ya ce, "Injiniya, maganar da na zo da ita na mayar da ita aljihu. Mu ma da bakinmu muka yi waƙar nan muna yara. Nafi'u, tashi ka sauka ka shigo da baƙon nan."

Nafi'u ya dubi Hamdatu, ya ga inda idonta yake. Ya miƙe. Amma Mu'azu ya ɗaga hannu.

"A'a. Ni na buɗe masa ƙofa ya fita. Ni zan je."

Ya fita ko takalmi bai tsaya nema ba, da silifas ɗin wata baƙuwa ya sauka. Muna jin lif yana tafiya. Babu mai duban fuskata, ni ma ban nemi a duba ba. Wata tsohuwa daga Soundview tana ta faɗin "Allah Sarki, Allah Sarki, uwarsa," tana share ido.

Lif ya dawo. Mu'azu ya shigo riƙe da hannun yaron, ya kai shi tsakiyar falo, ya ɗauki ɗamarar da lambobin ya ɗora masa a tafin hannu biyu.

"Wannan ta kakanka ce. Ka turo manyanka ranar Juma'a." Ya sunkuyar da kai. "In kuna so har yanzu. In kun ƙi jinin gidan nan, ba za mu ga laifinku ba."

Uwaisu ya dubi ɗamarar, ya dubi Hamdatu, sannan ya dube ni. Na shirya wa kowace irin magana. Sai ya tako, ya durƙusa a gabana kamar yadda ya saba.

"Baba Kofur, ta taga na ji rabi. Ban ji an amsa da kyau ba. A sake kira."

Na dafa sandata. Na yi fareti a gaban Gwamna, na yi a Bombai, na yi a Ikko, amma ban taɓa buɗe maƙogwaro kamar ranar ba. Maƙwabcinmu na hawa na takwas har ya buga bene.

"HAMBALI ƊAN MAI-RINI!"

Aka rasa wace amsa za a bayar, don mutumin bai mutu ba, bai kuma taka Kukar Maje ba. Sai Hamdatu ta sauke mayafi daga fuskarta, ta zo ta tsaya kusa da Uwaisu a gaban ubanta da kowa, ta ce da ƙarfi:

"Ya dawo."

Falo duka ya ɗauka.

Har yau amarya ba ta koma tsokanata ba. Tana kawo mini magani, ta auna jinina, ta fita. Na san zan jira, kuma zan iya, ni da na yi jiran jirgi wata bakwai a Indiya. Amma da jama'a suka watse ranar, Uwaisu ya jawo wayar falo har gabana, ya buga lambar wani mai kanti a Zango, aka aika yaro... a'a, mai kantin da kansa ya tafi kiran tsohon. Muka jira minti goma sha biyu, Mu'azu mai biyan kuɗin waya bai ko dubi agogo ba.

Sai na ji ana jan kujera a can, ana numfashi.

"Wa ke nan?"

Na buɗe baki. Ni Kofur Ado, da ba a taɓa rufe mini baki a majalisa ba, babu abin da ya fito.

"Ado ne?" muryar ta ce. "To yi magana mana. Da can ka fi buhun gero surutu."